Littafin tsoro a kunne: shi ne dai na takarda, ko murya ta sauya shi?

Direban_Hijira
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce da ni, don Allah a ji ƙarshenta kafin a fara dariya. Tirela nake ja tsakanin Jidda da Madina, galibi da dare. Tafiyar ta haura kilomita 400, rediyo ya gundure ni, sai wani ƙanena ya saka min manhajar littattafan sauraro a waya. Na zaɓi wani na Turanci da na taɓa karantawa a takarda tun ina Kano, irin labaran nan na duniyar da babu ita, masu sarakuna da tsafi da halittu, amma ba na yara ba. A irinsu jarumi ba mutumin kirki ba ne, mugu ba lallai ya ga sakayya ba, kuma ana mutuwa ba tare da an yi wa mutuwar ado ba.

Wata ungozoma ce ke ba da labarin da bakinta. Akwai wani abu a ƙarƙashin rijiyar garinsu da ake ba shi jarirai don annoba ta tsallake garin, ita ce kuma mai zaɓa. A takarda na wuce wurin da ta fara bayarwa kamar ba komai. A kunne kuwa, matar da ke karantawa ta sauke murya ƙasa, tana jan numfashi tsakanin jimloli, da ta zo inda uwar ke tambaya ko yaron ya yi kuka sai ta yi shiru. Shirun ba wani mai tsawo ba ne, amma wallahi sai da na duba madubi. Gidan mai na farko na tsaya, na sha shayi cikin mutane, sannan na ci gaba.

Ni a ganina wanda ya saurara da wanda ya karanta ba abu ɗaya suka samu ba. Ku me kuka gani?

DanMisfala
Wa'alaikumus salam. Direba, ai kai ka nemo. Hanyar Hijira, babban titin Madina, ƙarfe biyun dare, ba kowa hagu ba kowa dama, ka saka labarin rijiya mai cin jarirai? Ko farashin tumatir aka karanta maka da wannan muryar sai ka duba madubi.

Ummu_Hanan
Kar ka biye wa DanMisfala, Malam Direba, abin da ka ji gaskiya ne. A Makka aka haife ni, amma kakarmu Bakatsiniya ce, kuma har ta koma ga Allah ba ta bar tatsuniya ba. Lokacin zafi a saman bene muke kwana, can wajen Shari'u Mansur. Da ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", muka amsa "ta zo mu ji ta", shi ke nan ta mallake mu. Labarin Dodo idan ka rubuta shi bai cika shafi biyu ba, kuma ko ɗan yaye ba zai tsorata ba. Amma ita sai ta toshe hanci ta yi muryarsa, ta ja waƙar yarinyar a hankali, daidai inda ya iso bakin ƙofa sai ta ce a miƙo mata ruwa. Da gangan take yi. Mu kuwa har mun cure wuri guda.

Inda muka bambanta da kai shi ne mu muna da yawa, ga jikin kaka a kusa, kuma dole daga ƙarshe ta ce "ƙurunƙus kan ɗan ɓera" a yi dariya, kowa ya san an rufe. Kai kuwa kai kaɗai ne a mota, babu mai rufe maka, ga shi littattafan nan ba sa ƙarewa da daɗi.

AbuFahad77
Sunan littafin fa? An ja mana rai an bar mu.

Direban_Hijira
Na tura maka ta akwati. Idan na saka a nan, kafin la'asar wani ya tona ƙarshensa.

Dalibin_Jamia
An yi bincike a kan wannan. A 2018 masana a wata jami'a ta Landan, UCL, suka ɗaura wa mutum 102 na'urar auna bugun zuciya da zafin jiki. Aka ba su wasu wurare na labarai, wani su kalla a bidiyo, wani su saurara. Da baki mutanen suka ce bidiyo ya fi kama su, amma na'ura ta nuna zuciyarsu ta fi bugawa lokacin sauraro. Bayanin da aka yi shi ne mai sauraro da kansa yake gina hoton, don haka jikinsa na cikin aikin. An ce gani ya kori ji, amma a nan ji ne ya yi rinjaye.

Gyara_Kayanka
Ɗalibi, a yi adalci. Na farko, kamfanin Audible ne ya ɗauki nauyin binciken nan, kuma littafin sauraro shi ne hajarsa. Na biyu, sauraro da kallo aka gwada, alhali Direba sauraro da karatu yake tambaya. Wanda ya fi kusa da tambayarsa shi ne na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley a 2019, inda aka saka mutum tara cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, suka karanta labarai kuma suka saurare su. Wuraren da ke aikin fahimtar ma'ana kusan iri ɗaya suka motsa ta hanyoyin biyu. Wato ma'anar da ta isa kai ɗaya ce. Ni na fi karkata ga DanMisfala: dare ne da kaɗaici.

Ummu_Hanan
Ma'ana ɗaya ce, na yarda, amma ai ba ma'ana ce ta sa shi tsayawa a gidan mai ba. Ya riga ya san abin da zai faru da jaririn tun yana Kano.

IdonZuci
Bari in saka baki, don ni wannan ba abin sha'awa ba ne a wurina, hanyar karatuna ce. Na rasa gani tun ina saurayi, yanzu ina Riyad, wannan rubutun ma waya ce ke karanto min naku, ni kuma ina faɗa mata nawa. Littafin sauraro dominmu aka fara shi. A Amurka an fara fitar da shi a faifai a 1934, a Ingila a 1935, galibi saboda sojojin da suka makance a yaƙin duniya na farko. Masu ido daga baya suka shigo, muna kuma maraba.

Abin da Direba ya gano shi ne abin da mai ido ba ya lura yana yi. Idonku ɓarawo ne. Kana tsakiyar shafi, ya riga ya leƙa ƙasa ya ga sunan yaron yana nan, hankalinka ya kwanta. Ka zo wurin yanka, ka tsallake layi huɗu ba ka ma san ka tsallake ba. Ka ga saura shafi uku babi ya ƙare, ka san wahalar ta kusa. Kunne ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kalma ba ta zuwa sai lokacinta ya yi, kuma ba kai ke riƙe da lokacin ba. A labarin soyayya wannan ba ya damun kowa. A labari mai duhu kuwa, jiran shi ne rabin abin.

Sai kuma maganar "ni". Ungozomar nan da bakinta take cewa ni na ɗauke shi, ni na kai shi. A takarda ƙaramar kalma ce guda. A kunne kuwa mutum ne yake faɗa maka laifinsa, kai kaɗai, kuma da muryar da ka saba da ita tsawon awa goma har ka fara tausaya mata. Nan ne littafin ke kama mutum.

Direban_Hijira
Allah ya saka da alheri, Yaya IdonZuci. Ka faɗi abin da na kasa faɗa. Abin da ya fi damuna ma shi ne na ji ina ba ta uzuri.

Malam_Na_Zaure
Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun farko, kuma ina ganin akwai tambayar da ta riga wannan. Mutum yana zaune a ƙasar Haramaini, yana kan hanyar Madina, ya cika kunnensa awa ashirin da tsafi da bayar da jinin jarirai ga wani abu a rijiya, me ya ƙaru da shi? A duba Suratu Luƙman aya ta 6 a kan lahwal hadisi, wato zance mai shagaltarwa. Wasu masu tafsiri sun ambaci Nadru ɗan Haris, wanda yake kawo labaran Farisa na Rustum da Isfandiyar yana ba Ƙuraishawa. Ba fatawa nake bayarwa ba, nasiha ce. Kun ma faɗa da bakinku cewa kunne ba ya iya tsallakewa. To abin da ba ka iya tsallakewa ai ya fi cancantar ka tace shi kafin ya shiga.

Dalibin_Jamia
Allah ya gafarta Malam, nasiha ta karɓu. Sai dai abin da aka ambata game da Nadru shi ne yana yin haka don ya janye mutane daga sauraron Alƙur'ani, ayar ma ta faɗi manufar, wato ɓatarwa daga tafarkin Allah. Ƙagaggen labari shi kansa ai a zaure muka same shi. Muƙamatul Hariri da ake karantawa a Kano da Zariya da Sakkwato, Abu Zaidis Saruji ba mutum ne da ya taɓa rayuwa ba, kuma ɗan damfara ne. Kalila wa Dimna dabbobi ne ke magana. Ni inda nake tsayawa shi ne: littafin yana koya tsafi ko yana ƙawata shi, ko kuwa yana nuna inda yake kai mutane?

Malam_Na_Zaure
Hariri lugga ake nema a cikinsa, ɗana, ba tashin tsikar jiki ba. Amma na ji bambancin da ka kawo. Kowa dai ya san zuciyarsa, kuma kar a bar azkar na dare saboda babi bai ƙare ba.

Haris_Obhur
Malam ya taɓo ni a nan. Gadin wani gidan hutu nake yi a bakin teku, masu shi sai ƙarshen mako suke zuwa. Na Larabci nake saurara. Ba tsoro ne matsalata ba, barci ne. Sai in ce babi ɗaya, in farga an yi kiran farko. Yanzu ina saka agogon nan na cikin manhaja da ke kashe karatu bayan minti 30. Matsalarsa ita ce bai san inda labari yake ba. Ranar nan ya yanke daidai mutumin ya ɗora hannu a kan ƙofar kabari, gidan ya yi tsit, sai injin tace ruwan wanka da ke gurnani a baya. Gara a ce bai yanke ba. Ku zaɓi na ƙarshen babi, ba na minti ba.

DanMisfala
Haris da ke tsoron injin ruwa. Allah ya tsare gidan nan da kansa.

Bagadarifiya
Salamu alaikum. Ni 'yar Gadarif ce, muna Jidda tun bayan da yaƙi ya ɓarke a 2023. Mu a Sudan da Hausa da Larabci duka aka tsorata mu. Akwai ba'ati, wanda ya mutu aka binne shi ya dawo yana yawo cikin mutane. Duk mai ba da labarinsa sai ya yi magana ta hanci, don an ce haka muryarsa take. Ku lura, ba kamanninsa ake fara faɗa ba, muryarsa. Ga kuma Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, da labarin aljanunta da kyanwoyinta, wai Annabi Sulaimanu ya tsare aljanu a can. Tun kafin in ga garin na san shi a kunne.

Amma zan faɗi wani abu da ya saɓa wa yawancinku. Tun da muka fito, ba na iya sauraron irin littattafan nan idan an saka musu ƙarar abubuwa, ihu da rushewar gini da gudu. Na kashe wani tun a babi na biyu. A takarda ina iya karanta yaƙi, don ni ke riƙe da shi. Wanda kunnensa ya ji na gaske ba ya bukatar a kwaikwaya masa. Ina roƙon masu tura irin waɗannan a zaure su riƙa faɗin abin da ke ciki.

Ummu_Hanan
Allah ya kawo muku zaman lafiya, 'yar'uwa, ya mayar da ku gida cikin aminci. Maganarki abin dubawa ce.

Mai_Makirufo
Amin. Ni aikin ɗaukar murya nake yi a wani ƙaramin situdiyo a Riyad, talla da littattafai, bari in faɗa muku yadda abin yake daga ciki. Iri biyu ne. Akwai mai karatu ɗaya da ke yin kowace murya shi kaɗai, akwai kuma wanda ake tara 'yan wasa a saka kiɗa da ƙarar takalmi da iska, kamar wasan kwaikwayon rediyo. Wanda 'yar'uwa ta kashe na biyun ne. Ni a labari mai duhu na farkon na fi so. Idan ka ba dodo ƙara, ka yi masa iyaka. Mai sauraro ya ji ya ce au, iyakarsa ke nan? Idan ka bar shi a bakin mai karatu, kowa zai gina nasa daidai da abin da yake tsoro.

Shirun da Direba ya ji kuwa ba hatsari ba ne. Wajen tacewa muna ganin muryar a allo kamar tsaunuka, shiru kuma fili ne a tsakaninsu. Muna iya ƙara shi ko mu rage. Kuma ba ma barin sa fanko, sai mu cika shi da sautin ɗakin da muka ɗauka tun farko ba kowa na magana, don idan ya zama fanko ƙaf kunne zai ɗauka waya ce ta mutu. Numfashi ma zaɓa muke yi, a talla mu goge duka, a irin wannan labarin mu bar wasu. Mai karatu kuma yana matsowa kusa da makirufo ya rage murya, shi ya sa kake ji kamar a bayan kunnenka yake. Mai karatun Turanci yana cin kalma wajen 9,000 a awa, kuma kowace awa ɗaya da ka saurara ta ci awoyi da dama na ɗauka da gyara.

Saboda haka amsata ga Direba: marubuci ɗaya ne, amma a kunne mutum uku ne suka yi maka aiki.

Gyara_Kayanka
To ai ka ƙarfafa ni ne, Mai_Makirufo. Idan har ku ke auna shirun, abin da Direba ya ji fassarar mai karatu ce, ba littafin ba. Shi marubucin ɗigo kawai ya saka. Wata mai karatun za ta iya wuce wurin da sauri, ungozomar ta fito a mara imani maimakon abar tausayi. An zaɓa maka ke nan, an rufe maka sauran ƙofofin. Shi ya sa na fi son takarda.

IdonZuci
Kai ma da kake karantawa akwai muryar da ke karanta maka a cikin kanka, ɗan'uwa, kuma ita ma zaɓa take yi. Bambancin kawai taka ba ta taɓa ba ka mamaki ba.

Yar_Hindawiyya
Ni tambayata ta masu ƙara saurin karatu a manhaja ce. Mijina a 2x, wato ninki biyu, yake saurara, wai don ya gama da wuri. Na ce masa wannan ba labarin tsoro ba ne kuma, aljanin kamar mai gwanjo a kasuwar Haraj.

IdonZuci
Hajiya, ni labarai da saƙonni a fiye da haka ma nake ji, kunnenmu ya saba. Amma ƙagaggen labari ba na wuce 1.2. Manhaja ba ta san shirun da aka yi da gangan ba, da shi da magana duk tare take matsewa.

AbuFahad77
Na sauke wanda Direba ya turo. Sunaye sun yi yawa, masarautu bakwai ne ko takwas, kowa da ɗan wane jikan wane. A takarda akwai taswira a farko, ka koma ka duba. A nan ina tuƙi, na rasa wa ya kashe wa. Wannan ita ce illar sauraro da ba wanda ya faɗa.

Direban_Hijira
Gaskiya ne, ni don na taɓa karantawa ne. Ka daure zuwa babi na biyar, yawancinsu sun mutu, sai lissafi ya yi sauƙi.

Baba_Tsohon_Direba
'Ya'yana, ni ban san littafin kunne ba, amma na san hanyar nan tun kafin a faɗaɗa ta. Duk abin da zai sa direban babbar mota ya duba madubi ba don mota ba, a yi hattara da shi. Idan ka ce yana hana ka barci, na yarda, barci shi ne babban makashin direba. Amma kar ka toshe kunne biyu, ka saka a lasifikar mota. Kuma kar ka ɗauki waya kana neman mayar da labari baya, kyamara na gani, tarar riyal 500 zuwa 900 ce, ban da abin da ya fi tara.

Direban_Hijira
Na ji, Baba, a lasifika nake sakawa. Allah ya ƙara girma.

DanMisfala
Tunda ana maganar Madina, wa ya taɓa zuwa Wadil Jinni? Ka kashe mota ta riƙa tafiya da kanta tana hawa tudu. Direba, can ya kamata ka je ka ƙarasa littafinka.

Dalibin_Jamia
Baida ke nan, arewa maso yamma da Madina, mun je da abokai. Gangara ce, yanayin duwatsun ne ke sa ido ya ga kamar hawa ake yi. Ka zuba ruwa a kwalta ka ga inda zai bi. Kun ga ido ma ana yaudararsa, ba kunne kaɗai ba.

Alkalamin_Dare
Ku dawo kan littafi. Ina mamakin yadda ake magana kamar Turawa ne kaɗai ke da irin wannan rubutun. Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar da aka yi a 1933 tare da Ruwan Bagaja, har ƙasar aljanu ya kai mu. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara aka buga daga 1911 zuwa 1913 akwai masu duhun da yau ba za ka karanta wa yaro ba. Ga littattafan yaƙi na kasuwar Kano, da matsafa da mayu. Muna da maita da kurwa da kambultu, muna da Jangare birnin iskoki. Kaya kam akwai.

Abin da ke ci min rai, a matsayina na mai ɗan rubutu, shi ne yadda ake karanta su a YouTube. Wani ya ɗauki littafin da ka shekara kana rubutawa, ya karanta shi a ɗaki fanka na kaɗawa, yana tuntuɓe a kan kalmomi, yana tsayawa a tsakiyar jimla ya ce a danna masa ƙararrawa, talla ta shigo daidai inda maye ya kama kurwa. Kuɗin talla nasa, marubuci ko sannu. An yi min, na yi magana, aka ce ai tallata ni ake yi. Akwai masu neman izini su biya, Allah ya yi musu albarka, amma waɗancan sun ɓata sana'ar.

Yar_Hindawiyya
Allah ya bi maka haƙƙinka. Amma fa mu mata da yawa a nan da su muke rayuwa. Wadda ke shagala, wato aikatau, a gidan mutane daga safe har dare, hannu cikin ruwan wanke-wanke, yaushe za ta riƙe littafi? Iyafis ɗaya a kunne ƙarƙashin ɗankwali, ta ji Hausa, ta ji gida. Ku marubuta ku yi naku mai kyau mu saya.

Mai_Makirufo
Yanzu ma wasu sun daina karantawa da bakinsu, ƙirƙirarriyar basira suke ba wa. Ta iya Larabci da Turanci ba laifi, amma a Hausa karin sauti na kayar da ita, ga ƙ da ɗ da ɓ. Ko ta gyara wannan, ba ta san wace jimla ce ya kamata ta ji tsoro ba. Mutuwar jariri da jerin kayan miya murya ɗaya take ba su.

IdonZuci
Kar ka raina ta da yawa. Littattafai nawa ne ba wanda zai taɓa zama ya karanta mana su? Da babu gara ita. Kuma akwai wani irin tsoro a muryar da ke faɗin mugun abu ba ta damu ba. Na taɓa jin wani babi haka, ya fi na ɗan wasa tayar min da hankali.

Ummu_Hanan
Ni 'ya'yana Larabci suke saurara. Babbar ta haukace a kan littattafan Usama Almuslim, mutumin Ahsa, tun daga littafinsa Khauf da ya fito a 2015. Suna da Hawjan ma, labarin aljanin Jidda, wanda fim ɗinsa ya buɗe bikin fina-finai na Bahar Maliya a 2023. Na Larabci sun yawaita a manhajar Storytel tun da kamfanin ya sayi takwaransa Kitab Sawti a 2020. Da na ce mata mu ma muna da Dodo, sai ta ce in turo mata. Me zan tura? Kaka ta tafi da muryarta, ni kuma idan na fara sai Larabci ya shigo min a tsakiya.

Alkalamin_Dare
Hajiya, ki ɗauka a waya ko da Larabcin a ciki. Haka Hausar Makka take, ba aibi ba ne. Idan Mai_Makirufo zai ba da situdiyo, ni zan ba da gajeren labari ɗaya kyauta a gwada.

Mai_Makirufo
Situdiyo ba nawa ba ne, sai na tambayi mai shi. Amma ɗakin da ke da katifa da labule masu kauri ya isa, a kashe na'urar sanyi lokacin ɗauka. Wanda zai jure zafin Riyad na minti ashirin ba sanyi, shi ne mai karatunmu.

Sabon_Shiga
Don Allah data nawa yake ci? Layina na wata ne, ba shi da yawa.

Haris_Obhur
A matsakaicin inganci awa ɗaya wajen MB 30 ce, littafin awa 20 bai wuce MB 600 ba. Ka sauke inda akwai Wi-Fi ka saurara ba intanet. Na YouTube ne ke cinye data, don hoto kake saukewa ko da ba ya motsi.

Gyara_Kayanka
Har yanzu ba a amsa min ba. Kowa na kawo labarin dare: mota da dare, gadi da dare, saman bene da dare. A samu mutum ɗaya ya saurari babin rijiyar nan da azahar, a cikin bakala, wato kantin unguwa, ana ciniki a kansa, sannan ya zo ya ce mana murya ce.

AbuFahad77
Ni na kai wurin ɗazu, da rana tsaka, ina cikin cunkoson Titin Falasɗinu. Ban duba madubi ba. Amma na kashe, na kira gida na ce a ba ni ƙaramin mu gaisa.

Gyara_Kayanka
Kai ba ka taɓa karanta shi a takarda ba, AbuFahad, da me za ka gwada? Mai jariri a gida ko a jarida ya ga labarin nan sai ya kira. A nemo wanda bai da yara, a ba shi takardar babin, a ba wani sautin, sannan mu yi magana.

DanMisfala
Ni ba ni da yara, amma ba ni da lokacin rijiya. Direba, turo min dai in ji babi ɗaya, da sharaɗin idan ban ji komai ba shayi da mutabbaƙ na wuyanka ranar da ka shigo Makka.